Wasan Ches: Asalinsa, Hanyoyin Buɗe Shi da Tarkunan da Ke Cinye Sabon Ɗan Wasa

Ches wasa ne na mutum biyu a kan allo mai gida 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16, kuma manufarsa ɗaya ce: a ritsa sarkin abokin karawa ta yadda ba shi da wurin gudu. Babu ƙuri'a a cikinsa kamar ludo, babu rabon sa'a kamar karta. A majalisun yamma na Gyaɗi-Gyaɗi, Hausawa, Unguwa Uku da Tarauni, inda 'yan kasuwa da ma'aikata kan huta bayan an tashi aiki, waɗancan wasanni da daraf aka fi sabawa da gani. Ches ta wayar hannu ya fi shigowa. Duk wanda ya sayi waya a kasuwar Farm Centre ya sa mata data yana iya karawa da mutumin Indiya ko na Rasha cikin minti guda ta manhajar Lichess ko Chess.com. Abin da kan biyo baya sananne ne: a cinye mutum tun kafin taku na goma, sau biyar a jere, ya goge manhajar yana cewa wasan ba nasa ba ne. Galibi rashin sanin 'yan ƙa'idojin buɗe wasa ne da wasu tarkuna da aka rubuta ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Wanda ya iya dara ya riga ya ci rabin hanya. A darar gida 30, kowa na da 'ya'ya 12, ana fara jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, wanda ya haɗa uku a layi ya cire ɗan abokin wasa. Gwanayen dara sun san cewa tun wurin jeri ake cin wasa ko a faɗi. Haka abin yake a ches, sai dai a nan jerin farko ƙayyadadde ne, kuma kowane ɗa da irin tafiyarsa.

Daga Indiya zuwa Bagadaza, daga nan zuwa Borno

An haifi wasan a Indiya wajajen ƙarni na 6, da sunan caturanga, wato rukunoni huɗu na rundunar yaƙi: dakaru, dawakai, giwaye da karusai. Farisawa suka karɓa, Larabawa suka gada daga gare su bayan buɗe ƙasar Farisa a ƙarni na 7, suka kira shi shaɗaranj. Kalmar da ake faɗa a yau idan an kashe wasa, cekmet, daga "shah mat" ta Farisanci ta samo asali. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa aka fara rubuta ilimin wasan. Al-Adli ya wallafa littafi a kansa a ƙarni na 9, sai As-Suli, wanda ya rasu wajen 946, ya yi zarra har sunansa ya zama abin buga misali da gwaninta.

Shaɗaranj na wancan lokaci wasa ne mai nawa. Ɗan da ke kusa da sarki, wanda ake kira firzan, wato mai ba sarki shawara, gida ɗaya kawai yake takawa a karkace. Giwa tsalle biyu take yi. Dakare bai da ikon taka gida biyu a tafiyar farko. Saboda haka kowane ɗan wasa kan ɓata taku goma ko fiye yana shirya rundunarsa kafin a gwabza, kuma waɗannan shirye-shirye, da ake kira ta'abiya, suna da sunaye irin su Mujannah da Sayyal. Su ne kakannin hanyoyin buɗe wasa na yau.

Ta Andalus wasan ya fi shiga Turai. A 1283 Sarki Alfonso na 10 na Kastil ya sa aka rubuta littafin wasanni wanda ches ya cinye kaso mafi girma a ciki, kuma har gobe Sifaniyawa na kiran giwar allo alfil, daga Larabci. Wajajen 1475, a yankin Balensiya, aka yi sauyin da ya mayar da wasan yadda yake yanzu: firzan mai rarrafe ya koma sarauniya mai ratsa allo ta kowace fuska, giwa kuma ta sami damar tafiya a karkace iya ganinta. Littafin Lucena na 1497 ya riga ya ƙunshi sababbin dokokin.

Akwai reshen da ya gangaro ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa. A 1934 C. K. Meek, jami'in nazarin al'adu na gwamnatin mulkin mallaka, ya buga bayani a mujallar Man kan wani ches da ake bugawa a Borno mai suna tsatsarandi, sunan da kunne ke jin shaɗaranj a cikinsa. Barebari sun sa wa 'ya'yan allon sarautun fadarsu: sarki shi ne mai, na kusa da shi ciroma, na kusurwa kaigama, doki kuma fer. Bakano ba zai ji ciroma baƙo a kunnensa ba. Sai dai ches ɗin da ake gasa da shi yau a Nijeriya ba daga wannan reshe ya tsiro ba, ta makarantun boko da kulob-kulob ya shigo da dokokin Turai.

Malamai sun daɗe da yin magana kan wasan, kuma mai karatu a Kano ya cancanci ya san haka. An ruwaito a Muwaɗɗa cewa Imam Malik ya ƙi shi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ilimi na birni, ta hana shi. Mazhabar Shafi'iyya ta tsaya a kan karhanci muddin babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Inda babu saɓani ko kaɗan shi ne sa kuɗi a kai.

'Ya'yan allo da yadda ake rubuta taku

Kowane ɓangare na da sarki ɗaya, sarauniya ɗaya, hasumiya biyu a kusurwa, giwa biyu, doki biyu da dakaru takwas a sahun gaba. Ana kimanta dakare da maki 1, doki da giwa 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9. Lissafin ciniki ne: wanda ya ba da hasumiya ya karɓi doki ya yi asarar maki biyu, sai fa in yana da wata riba a wani wurin. Layukan tsaye na allo suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance lambobi daga 1 zuwa 8, farare suna jere a layi na 1 da na 2. A littattafai da manhajoji K na nufin sarki, Q sarauniya, R hasumiya, B giwa, N doki. In babu harafi dakare ne ya taka. Alamar x ci ce, + barazana ga sarki, # mutuwar wasa, O-O kuma killace sarki, wato takun da sarki da hasumiya ke yi tare don sarki ya ɓuya a gefe.

Buɗe wasa da e4

Ƙa'idojin farko ba su da yawa. A kama tsakiyar allo, wato gidajen e4, d4, e5 da d5. A fito da dawakai da giwaye kafin manyan 'ya'ya. Kada a taka ɗa guda sau biyu ba dalili. A killace sarki da wuri. Sarauniya ta jira, domin duk ƙaramin ɗan da ya kai mata hari dole ta gudu, kuma kowane gudu taku ne da aka ba abokin karawa kyauta.

Tarkon da ya fi cinye sababbi ya saɓa wa ƙa'ida ta ƙarshen nan, amma yana ci saboda ba a san shi ba: 1.e4 e5 2.Bc4 Nc6 3.Qh5 Nf6 4.Qxf7#. Taku huɗu, wasa ya ƙare. Sirrin yana gidan f7, wanda a farkon wasa babu mai tsaronsa sai sarki kaɗai. Maganinsa 3...g6, in sarauniya ta koma f3 a toshe da 4...Nf6. Daga nan mai baƙaƙe ne ke cikin walwala, domin sarauniyar farare ta ɓata taku biyu ba ta samo komai ba.

Buɗewar Italiya, 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4, tana kallon wannan gida na f7 ɗin ne ta hanyar da ta dace, kuma ita ce mafi kyawun makaranta ga mai koyo. A nan akwai wani rami da ya kamata kowa ya haddace. Idan baƙaƙe suka amsa da 3...Nf6, farare na iya zuwa 4.Ng5, doki da giwa suka haɗu a kan f7. Amsa ita ce 4...d5 5.exd5, kuma a wannan gaɓa hannu kan yi saurin rama ci da 5...Nxd5. Sai farare su sadaukar da doki: 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+, sarkin baƙaƙe ya fito e6 tsakiyar fili don kare dokinsa, ga rundunar farare na zuwa. Ƙwararru kan iya tsira daga nan, amma ɗan kulob da agogo ke ci masa da wuya ya kai labari. Abin da masana suka daidaita a kai shi ne 5...Na5, a kori giwar, a haƙura da dakare guda a sami sarari da saurin fitowa. Wanda ba ya son wannan rigima gaba ɗaya sai ya taka 3...Bc5 tun farko, domin a lokacin duk dokin da ya leƙo g5 sarauniya za ta ɗauke shi.

Buɗewar Sifaniya ta bambanta da ta Italiya da taku ɗaya, 3.Bb5, kuma tana ɗauke da sunan Ruy López, wani limamin coci da ya yi bayaninta a littafinsa na 1561. Giwa na matsa wa dokin da ke tsaron e5. Sabon ɗan wasa kan ɗauka dakaren ya tafi ke nan, amma bayan 3...a6 4.Bxc6 dxc6 5.Nxe5 sai 5...Qd4 ta kai hari ga doki da dakaren e4 lokaci guda, abin da aka ci ya dawo. Don haka manyan 'yan wasa kan janye giwar zuwa a4 su ci gaba da matsi a hankali. Wasan haƙuri ne, irin na mai bin bashi da ba ya ɗaga murya amma kullum yana bakin ƙofa. A Landan a 2000, Vladimir Kramnik ya yi amfani da reshen Balin, 3...Nf6, ya toshe wa Garry Kasparov duk wata kafa, ya karɓe kambun duniya ba tare da an ci shi ko wasa ɗaya ba.

Ba dole ne a amsa e4 da e5 ba. Kariyar Sisiliya, 1...c5, ita ce zaɓin mai neman ci da baƙaƙe. Bayan 2.Nf3 d6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 Nf6 5.Nc3 a6 an shiga reshen Najdorf, wanda Bobby Fischer da Kasparov suka yi suna da shi. Baƙaƙe sun musanya dakaren gefe da na tsakiya, sun sami buɗaɗɗen layin c. Sai dai reshe ne mai cin lokaci, rassansa kan kai taku ashirin a haddace, kuma ma'aikacin da ke da awa guda bayan Isha'i zai fi amfana da Caro-Kann, 1...c6, ko Kariyar Faransa, 1...e6, wadda ta sami sunanta daga wasan da aka yi ta wasiƙa tsakanin Landan da Faris a 1834. Duka biyun suna bin 2.d4 da d5, su gina katanga. Aibin ta Faransa shi ne giwar c8 kan maƙale a bayan dakarunta.

Buɗe wasa da d4

A nan wasa ya fi tafiya a natse. Shahararriyar hanya ita ce 1.d4 d5 2.c4, inda farare ke miƙa dakare don janye na baƙaƙe daga tsakiya. Kyautar ba ta gaskiya ba ce. Wanda ya karɓa ya nace sai ya riƙe zai gamu da wannan: 2...dxc4 3.e3 b5 4.a4 c6 5.axb5 cxb5 6.Qf3, sarauniya ta hango hasumiyar a8, kuma babu yadda za a yi baƙaƙe su fita ba tare da asarar aƙalla doki ko giwa ba. Ana iya karɓa a mayar daga baya, ko a ƙi da 2...e6. Wannan ƙin karɓa shi aka buga a wasanni 32 cikin 34 na karawar Capablanca da Alekhine a Buenos Aires a 1927.

Ga ɗan kasuwar da ba ya da lokacin hadda akwai Tsarin Landan: d4, giwa zuwa f4, e3, doki zuwa f3, c3, kusan duk abin da abokin karawa ya taka. Tsari ne mai aminci, kuma shi ya fi kama da ta'abiyar mutanen Bagadaza. Illarsa ita ce yana koya wa mutum taka allo ido rufe, ranar da aka kawo masa c5 da sarauniya a b6 tana neman dakaren b2 sai ya rasa abin yi.

Dabarun ci

A matakin kulob, buɗewa mai kyau kai mutum tsakiyar wasa lafiya kawai take yi. Dabara ce ke raba gardama, kuma dabarun nan kaɗan ne, suna ta maimaituwa.

Na farko hari biyu da ɗa guda. Doki ne gwanin wannan, domin tsallake 'ya'ya yake yi kuma ba a toshe shi. Dokin farare da ya sauka a c7 yana barazana ga sarki a e8 da hasumiya a a8. Dole sarki ya motsa, hasumiya ta tafi. Na biyu turkewa: a sa ɗa a gaba ta yadda in ya gusa za a ci wanda ya fi shi daraja a bayansa. In sarki ne a bayan, doka ma ta hana shi motsi, ya zama kamar akuya a turke, sai a ƙara masa mahara har ya faɗi. Na uku tsirewa, kishiyar turkewa: babban ne a gaba, in ya kauce a ci na bayansa, tamkar tsinke ya ratsa yanka biyu. Sai kwanton ɓauna, inda ɗa ke gusawa ya buɗe wa na bayansa hanya, hari ya zo daga wuri biyu. Akwai kuma mutuwar layin baya, wadda ke samun sarkin da aka killace a bayan dakaru uku da ba su taɓa motsi ba: hasumiya ta sauka a layin ƙarshe, sarki ba ƙofa. Taka dakaren h gida ɗaya a lokacin da ya dace yana maganin wannan.

Turkewa a gaban sarauniya ba ta hana motsi a doka, kuma a nan ne wani tsohon tarko yake, mai ɗauke da sunan Légal, gwanin Faris na ƙarni na 18 wanda ya koyar da Philidor. Ga shi: 1.e4 e5 2.Nf3 d6 3.Bc4 Bg4 4.Nc3 g6 5.Nxe5. Dokin da aka zaci an turke ya tsinke igiya ya bar sarauniyarsa a fili. Mai kwaɗayi ya ɗauka da 5...Bxd1, sai 6.Bxf7+ Ke7 7.Nd5#. Ƙananan 'ya'ya uku sun kashe wasa alhali sarauniyar baƙaƙe na tsaye kusa da sarkinta. Da ya ci dokin da 5...dxe5, sarauniyar farare ta ɗauke giwar g4, asarar dakare guda ce kawai.

Wasan da malaman ches suka fi nuna wa ɗalibai shi ne wanda Paul Morphy, Ba'amurke, ya buga a gidan wasan opera na Faris a 1858 da wasu masu sarauta biyu da suka haɗa kai. Cikin taku 17 ya fito da kowane ɗa da barazana, ya killace sarkinsa, ya ba da sarauniya a b8, ya kashe da hasumiya a d8. Kusan duk ƙa'idojin da aka ambata a sama suna cikinsa.

Ƙarshen wasa na da nasa ilimin. In 'ya'ya suka ragu, sarki kan fito ya yi aiki, kuma dakaren da ya kai layin ƙarshe yakan zama sarauniya. Wanda ke kan gaba ya kula: in abokin karawa ba shi da takun da doka ta yarda da shi kuma sarkinsa ba ya cikin barazana, kunnen doki aka yi, ko da kuwa ɗaya ɓangaren na da sarauniya biyu.

Gasa, matsayi da 'yan Nijeriya

An fara karawar kambun duniya a hukumance a 1886, Wilhelm Steinitz ya doke Johannes Zukertort. Hukumar ches ta duniya, FIDE, an kafa ta a Faris a 1924, kuma a 1970 ta rungumi ma'aunin Arpad Elo na auna ƙarfin 'yan wasa da lamba. Babban matsayi na Grandmaster na bukatar kaiwa 2500 tare da cika wasu sharuɗɗa. Fischer ya karya rinjayen Tarayyar Sobiyet a Reykjavik a 1972, kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997, Magnus Carlsen na Norway ya riƙe kambu daga 2013 zuwa 2023, sannan a Disambar 2024 Gukesh Dommaraju ɗan Indiya ya karɓe shi daga Ding Liren na Sin yana da shekara 18. Kambun ya koma ƙasar da aka haifi wasan.

A Afirka, Bassem Amin na Masar ya haura maki 2700, Amon Simutowe na Zambiya kuma ya zama Grandmaster. Odion Aikhoje na Nijeriya ya ci lambar zinare ta allo na biyu a gasar Olimfiyad ta Elista a 1998. Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Nijeriya a 2017, ya ci gasar yara ta jihar New York a 2019 yana da shekara takwas, a lokacin suna zaune a gidan marasa matsuguni. Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a Ikorodu ta Legas a 2018 don koyar da yaran unguwannin talakawa, ya shafe awa 60 yana wasa a dandalin Times Square a Afrilun 2024 tare da Shawn Martinez.

Wanda ya saba da waya kuma yake son shiga gasar allo a ƙarƙashin Hukumar Ches ta Nijeriya zai tarar da dokokin da manhaja ba ta koyar da shi ba. Ɗan da ka taɓa da niyya shi za ka taka, in ka sake shi a gida babu janyewa. Da hannun da aka yi taku ake danna agogo. A wasa mai dogon lokaci kowa na rubuta takunsa da na abokin karawa. 'Yan kallo ba sa magana, saɓanin majalisar dara inda na tsaye kan fi na zaune surutu. Waya kuwa ba ta da wuri a zauren: a gasar ƙasashen Turai da aka yi a Plovdiv ta Bulgeriya a 2003, wayar Ruslan Ponomariov ta yi ƙara ana tsakiyar wasa, alkalin gasa ya ba abokin karawarsa nasara nan take, alhali a lokacin shi ne zakaran duniya na FIDE.